Badaru Ya Je Gaida Surukai

Ba a wajen dako ciwon baya ya kama Badaru ba, kuma abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Mutum ya fi shekara ashirin yana sauke kwandunan tumatir daga tirela a kasuwar Mile 12 ta Legas, ko gurɗewar ƙafa bai taɓa yi ba, sai ga shi wata safiya ya sunkuya zai ɗauki buta, wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa. Buta fa! Butar ma ruwan cikinta bai kai rabi ba. A haka ya tsaya a sunkuye a ƙofar ɗakinsa na Agege, har maƙwabcinsa Yari, wani mutumin Maraɗi mai aikin gadi, ya fito ya same shi, ya tambaye shi me ya faɗi yake nema.

Daga ranar bai sake ɗora kwando a ka ba. Da yake ya daɗe a kasuwa kuma ba ya rigima, sai 'yan dako suka ba shi benci a bakin rumfa, shi ke raba wa kowa motar da zai sauke. Duk wanda ya tambaya, sai Badaru ya ce girma ne ya zo. Mutane suka yi ta yi masa murna. Shi kuwa in zai zauna sai ya fara dafa bencin kamar mai share ƙura, in goronsa ya faɗi ƙasa sai ya ce ya bar wa kaji, alhali babu kaza ko ɗaya a layin 'yan tumatir.

Da a ce bayan ne kawai, da da sauƙi. Akwai Risikatu.

Risikatu Bayarabiya ce haifaffiyar Agege, kowa Iya Mubina yake ce mata, kuma Hausar da ke bakinta in ta fara ciniki har Bakano sai ya ja baya. Tana da buka, wato rumfar sayar da abinci, kusa da titin jirgi, tana zuwa Mile 12 sayen tattasai da attaruhu. Shekara da shekaru Badaru ne ke ɗaukar mata kwando zuwa wajen danfo, motar hayar Legas, ba ya barin kowa ya taɓa. Matarsa Saratu ta daɗe da rasuwa a gida Ɗanja, ita ma Risikatu mijinta ya rasu. Daga rakiyar kwando aka koma gaisuwa mai tsawo, daga gaisuwa aka koma ragowar amala, tuwon Yarbawa, da ake ajiye masa a kwano mai murfi. Yana son ta, so na gaske, irin wanda ke sa babban mutum ya sayi turare bai san dalili ba.

Amma duk unguwar an san yadda mijin nata ya mutu. Shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi, ya yi shekaru a shimfiɗe. Ita ke ɗaga shi, ita ke juya shi, ita ke kai shi bayan gida a kafaɗarta, sannan ta wanke hannu ta tafi buka. Mahaifinta Baba Lamidi, tsohon tela, ya ga wannan da idonsa. Ranar da ta fita takaba ya faɗa a gaban mutane cewa 'yarsa ta gama ɗaukar namiji a duniya. Duk wanda zai zo nemanta, ko talaka ne ko Bahaushe ne ko ma daga ina yake, bai dame shi ba, amma ya zo da ƙafarsa da bayansa. Ba zai sake ba ta majinyaci ba.

To, ka ji abin da Badaru yake ɓoyewa. Ya tabbata a ransa duk ranar da Baba Lamidi ya ga yana dafe ƙugu, magana ta mutu, kuma shi kansa ba zai ga laifin tsohon ba.

Da aka sa ranar kai gaisuwa, Yari ya zo masa da labari. Ya ce shi ya taɓa ganin irin wannan biki a gidan da yake gadi, daga bakin get. Ango da abokansa ba durƙusawa suke yi ba irin ta gida, kwanciya suke yi rub da ciki a gaban iyayen yarinya, a miƙe sambal, su tashi, su sake. Dobale suke ce masa.

"Sau nawa?" in ji Badaru.

"Ni dai biyu na gani, sai mota ta zo na tafi buɗe get. Amma an gama ke nan."

Badaru ya je wajen limamin unguwa ko zai samu mafita. Liman ya daɗe a Agege, shi ma da surukai Yarbawa. Ya ce gaisuwa ce ba sujada ba, ya dai ɗaga goshinsa kada ya taɓa ƙasa. Badaru ya yi godiya ya fito da ransa a ɓace, don ya so ƙwarai a ce masa haramun ne.

Tun kafin wannan Yari ke damun sa da maganar wani mai gyaran baya. Badaru ya riga ya gwada man zafi, ya gwada jiƙo, ya gwada wani mai tausa a Alaba Rago da ya murza shi har ya ga taurari. Yanzu da ya rasa yadda zai yi, sai ya bi Yari. Wurin a saman wani shagon waya yake, kuma duk wanda ya sa asibitin baya a saman bene, Allah ya shirye shi. Mai wurin sunansa Dokta Munir, Bahaushe ne amma haihuwar Legas, in ya fara magana da Hausa sai ya ratsa ta Turanci ya ɓullo ta Yarbanci. Ya ce shi ba mai ɗori ba ne, ba kuma mai tausa ba, karatun ƙashin baya ya yi. Ya faɗi sunan aikin da Turanci, doguwar kalma, Badaru bai wahalar da bakinsa ba. A kan teburinsa akwai ƙashin bayan roba, yana magana yana lanƙwasa shi. Kuma murmushi ba ya barin fuskarsa, abin da ya sa Badaru ya fara zargin sa.

Ya kwantar da Badaru a wani gado mai rami a wajen fuska, ya lalluba, ya tambayi abubuwa da yawa, ya ce ya saki jiki. Sai ya danna. Bayan ya yi ƙara kamar an karya rake.

"Innalillahi! Ka karya ni?"

"Haba Baba, no wahala. Tashi ka gani."

Ya tashi, ya ji sauƙi, amma bai faɗa ba. Ya ce, "Da dama-dama."

Daga nan Munir ya zauna ya yi masa wa'azi. Ya ce dannawa kaɗai ba ta gyara mutum, jiki duk abu ɗaya ne. Sai ya riƙa shan ruwa, ya rage goro, ya riƙa tafiya da ƙafa da safe, ya kwana a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi. Kuma ya rage damuwa, don damuwa a baya take zama. Kullum in ya farka ya yi murmushi ya ce wa kansa yau ta fi jiya.

"In ba ta fi ba fa?"

"Ka dai faɗa, Baba."

"In yi wa kaina ƙarya da sassafe, ko kumallo ban karya ba?"

Munir ya yi dariya ya ce yana son Baba wallahi. Sannan ya sauka ƙasa ya nuna masa wani motsa jiki, a kwanta rub da ciki, a dafa ƙasa, a ɗaga ƙirji da kai a hankali. Badaru ya dube shi ya ce shi ba ƙadangare ba ne. Yari ya taɓa shi da gwiwar hannu, ya raɗa masa, "Kai, dubi da kyau. Ai dobalen ke nan." Nan take Badaru ya ce a sake nuna masa. Munir ya ji daɗi, ya ce bai taɓa samun majinyaci mai himma irin wannan ba. Ba wanda ya gaya masa dalili.

Abu na ƙarshe shi ne yadda ake tashi daga ƙasa. Munir ya ce kada ya taɓa zabura. Ya mirgina gefe, ya naɗe gwiwa, ya dafa da hannu ya zauna, ya numfasa, sannan ya kafa ƙafa ɗaya ya miƙe. Badaru ya kalla har ƙarshe. Ya ce haka kakarsa take tashi, Allah ya jiƙan ta. Wannan ɗaya bai karɓa ba. Duk wanda ya ga namiji yana mirginawa haka a gaban jama'a ya san da ciwo, kuma Baba Lamidi ba makaho ba ne.

Sauran kuwa ya bi su, a daddafe. Ya sha ruwa har ya gaji da zagayawa. Ya sayi matashi, mai shagon ya yi masa fatan alheri da amarya. Da safe yana tafiya daga gida har kusan Pen Cinema yana gaisawa da mutane kamar mai neman ƙuri'a. Murmushin ma ya gwada sau ɗaya a madubi, bai ga alfanunsa ba, ya bari. Kullum kafin ya fita yana yin ƙadangare a tsakar ɗaki, in ya gama ya kama ƙarfen taga ya ja jikinsa sama. Yana komawa wajen Munir ana danna shi. Kuma gaskiya bayan ya yi sauƙi sosai, har ya fara ɗaukar goronsa in ya faɗi.

Sai suka shirya dabara shi da Yari. A wajen biki babu ƙarfen taga, amma akwai Yari. Zai kwanta a damansa, manne da shi, in an ce a tashi sai ya zura hannu a ƙarƙashin babbar riga ya cicciɓe shi ta hammata. Babbar riga ai don rufin asiri aka yi ta da faɗi. Suka gwada a ɗaki har abin ya zauna, ko kai kana wurin ba za ka gane ba.

"Dakor?" in ji Yari, da ɗan Faransancinsa na mutanen Maraɗi, wato an yarda?

"Dakor," in ji Badaru, shi ma ya koyi kalmar.

Ranar ta zo. An kafa rumfa a ƙofar gidan Baba Lamidi, an jera kujeru, dangin Risikatu sun sha anko sun zauna a gefe guda. Tsohon yana tsakiya da sandarsa, ido ƙyar a kan baƙi. Badaru ya zo da Yari da 'yan dako abokansa, duk sun sha wanka, wasu ka rantse ba su taɓa ganin tumatir ba. Mai jagorantar bikin wata mata ce mai ƙaton ɗaurin kai da makirfo, alaga suke ce mata, bakinta ba ya hutawa, tana Yarbanci tana haɗawa da Hausar kasuwa don baƙi su ji. Risikatu tana cikin gida, ba a fito da ita tukuna.

Alaga ta ce a kwanta. Suka zube. Badaru ya sauka tsaf, goshi a sama, ƙirji a ƙasa, wata da watanni na ƙadangare ba su tafi a banza ba. Aka ce a tashi, hannun Yari ya yi aikinsa. Aka yi tafi. Aka sake, aka sake tashi lafiya. Badaru ya ji wani sanyi a ransa, har ya fara karkaɗe riga yana neman kujerarsa.

Sai alaga ta ce, "Yauwa! Abokai ku koma ku zauna. Yanzu ango shi kaɗai."

Badaru ya juya ya dubi Yari. Yari ya dubi sama. Wannan shi ne wanda aka yi lokacin da ya tafi buɗe get.

Ba yadda zai yi. Ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar fili, ba taga, ba Yari, ko igiyar rumfa ta yi masa nisa. Ya yi bisimilla ya sauka. Alaga ta tambaye shi ko da gaske yake roƙon 'yarsu, ya ce da gaske. Ta ja shi da wasa, ta sa ya maimaita da Yarbanci, aka yi dariya. Sannan ta ce ya tashi. Ya tattara ƙarfinsa ya yunƙura zai zabura irin ta samari, sai abin nan na ranar buta ya ce ƙas, a daidai wurin. Wani zafi ya tsarga masa har yatsan ƙafa. Ya koma ƙasa a hankali, ya kafa haɓarsa a bayan hannu.

"E dide, oko wa. Mijinmu, tashi mana," in ji alaga.

Bai motsa ba.

Wata tsohuwa daga cikin dangi ta dafe ƙirji ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin ladabi irin wannan ba. Samarin yanzu ko ƙasa ba sa taɓawa sun miƙe, ga Bahaushe ya zo yana koya musu al'adarsu. Aka ɗauki tafi. Alaga ta ga abin ya karɓu, sai ta rera waƙa a kai. Wani kawun amarya ya tashi ya ce shi dai ya ba da Risikatu, a gaya wa bawan Allah ya tashi haka nan. Badaru yana ji, gumi yana bin kunnensa yana ɗiga a siminti. Daga inda yake, takalman mutane kawai yake gani, da gindin sandar Baba Lamidi, wadda ba ta motsa ba. Tsohon bai yi tafi ba. Mutumin da ya yi shekaru yana kallon namiji a kwance ya san bambancin wanda ya ƙi tashi da wanda ya kasa, kuma Badaru ya san ya sani. Tsoro ya kama shi, ba na ciwon ba. Ya ga Risikatu tana fita daga hannunsa a gaban idonsa, shi kuma yana kwance kamar buhun albasa.

Yari ya yunƙura zai taso, alaga ta daka masa tsawa da makirfo ya koma. Sannan ta juya ga jama'a ta ce ta gane, ango cewa yake ba zai tashi ba sai ya ga matarsa. Wuri ya kaure da shewa. Aka shiga aka fito da Risikatu kafin lokacinta, da lulluɓi, mata na biye.

Ta tako har inda yake. Ta durƙusa a gefen kansa kamar mai roƙon sa ya yi haƙuri, ta sauko da lulluɓin ya kare bakinta. Ƙamshin turarenta ya gauraya da na hayaƙin buka da ba ya barin hannunta.

"Malam Badaru," ta ce a hankali, da Hausa. "Mirgina ta hagu."

Ya ɗago ido ya dube ta. "Iya Mubina, ni fa..."

"Na sani. Tun ranar da ka bar wani ya ɗaukar mini kwando na sani. Kai da ko kallon kwandona ba ka bari a yi. Wa kake tsammani ya turo maka Yari da maganar mai gyaran baya? Dokta a bukata yake cin abincin rana, har yadda ake tashi na sa ya nuna mini. Mirgina, Baba yana kallo."

Kunya ta rufe shi, har ya ji gara ƙasa ta tsage. Duk wannan ɓoye-ɓoye, duk kajin da ya yi ta bai wa goro, ashe ita tana kallon sa tana auna masa amala.

"Ki kama ni," ya raɗa. "Hannu ɗaya kawai."

"Ba zan taɓa ka ba. In na taɓa ka, ya gama da mu. Naɗe gwiwarka."

Ya mirgina ta hagu, a gaban dangi da 'yan dako da mai ɗaukar hoto, daidai yadda kakarsa take yi. Ya naɗe gwiwa. Ya dafa ƙasa ya zauna. Shewar ta ɗauke, don yanzu kowa ya gane, har tsohuwar nan mai yabon ladabi.

"Numfasa," in ji Risikatu. "Kada ka yi sauri. Ba inda za ni."

Ya numfasa. A nan ya ga hannuwanta. Ta mayar da su baya ta damƙe bakin zanenta, ta damƙe shi har jijiyoyin suka fito. Hannuwan da suka saba ɗaga namiji tun kafin ya roƙa, yau ta ɗaure su da kanta. Idonsa ya cika da ƙwalla, kuma ba ta ciwo ba ce.

Ya kafa ƙafar dama, ya dafa gwiwarsa, ya miƙe. Ya ɗauki lokaci, amma ya miƙe, ba wanda ya sa masa hannu. Ya tsaya a gaban Baba Lamidi da ƙura a gaban rigarsa, bai karkaɗe ba. Ya ce, "Baba, ina da ciwon baya. Ina magani. Abin da na ɓoye ke nan."

Tsohon ya daɗe yana kallon sa. Sannan ya dubi 'yarsa, wadda har yanzu tana durƙushe da hannuwa a baya. Ya tambaye ta da Yarbanci ko ta taɓa shi. Ta ce a'a. Ya ce ya gani, yana so ne mutane su ji.

Ya ɗaga sandarsa ya nuna kujerar da ke kusa da tasa, mai hannu da jingina, wadda aka ajiye wa kawun nan. Kawun ya tashi ba musu.

"Zauna a nan," ya ce wa Badaru da Hausarsa ta tsofaffin Agege. "A hankali."

Badaru ya dafa kujerar zai zauna, wannan karon bai yi kamar yana share ƙura ba. Sai da ya zauna sosai, ya jingina, sannan Risikatu ta saki bakin zanenta.